Sanyi, Jijiya da Targaɗe: Abin da Muke Faɗa da Abin da Likita Ke Ji

Tun da damina ta kankama a Kumasi, zancen ciwon gaɓɓai ya sake cika gari. Ka shiga mota daga Kejetia zuwa Tafo, wani lokaci kafin a yi nisa mai tallar magani ya miƙe da kwalba a hannu, yana jero ciwon ƙugu, ciwon gwiwa, sanyin ƙashi, amosani, ya ce kwalbar nan guda ta ishe su duka. Ka kunna rediyo da daddare, zancen ke nan. A ƙofar masallaci bayan Asuba kuwa, gardamar dattawa ita ce wanda faragiya, wato babur mai ƙafa uku, ta kaɗe, ina ya kamata a fara nufa da shi, gidan mai ɗori ko asibiti?

Tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan ita ce: idan ɗan Zango ya ce "sanyi ke damuna" ko "jijiyata ce ta hau", me yake nufi? Kuma idan likita ya rubuta wata doguwar kalma a takarda, me shi yake nufi? A ganina rabin wahalar da muke sha kan ciwon ƙashi tana faruwa ne a wannan gaɓar, inda magana ke ratsa Hausa, ta bi ta Tuwi, ta faɗa Turanci, kafin ta dawo gida ta riga ta canja kama.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne gwaggona da ke Aboabo. Ta dawo daga wani asibiti da hoton ƙashi a cikin babban ambulan da 'yar takarda mai layi biyu. Likitan ya yi mata bayani da Turanci, ya ƙara da Tuwi, cikin abin da bai kai minti uku ba, ita kuwa Tuwinta na cinikin kasuwa ne. Wani jikanta ya buga kalmar a waya, ya ga hotunan mutane a keken guragu, ya faɗa wa gida. Kwana uku Gwaggo ba ta ci abin kirki ba. Da na je, ta miƙo min takardar hannunta na rawa, ta ce, "Ɗan nan, karanta min tsakani da Allah, kada ka ɓoye min. Ƙashin bayan nawa ya karye ne?" Abin da aka rubuta shi ne lumba sifondilosis, wato zaizayar da shekaru ke kawowa a ƙasusuwan tsatso. Na ce, "Gwaggo, babu abin da ya karye. Furfura ce ta ciki." Sai da na maimaita sau biyu kafin ta saki numfashi.

Hausa tana da kalmomin, mahauta ne suka riƙe su

Mahaifina mahauci ne, kuma darasin jiki na farko da na samu a Mayanka na same shi, ina riƙe masa ƙafar sa yana fiɗa. Ya kan buɗe gwiwar, ya nuna min bakin ƙashin da ke ƙyalli, fari fat, santsi kamar cikin kwanon tangaran, ya ce wannan guringuntsi ne. Ya taɓa ruwan da ke ciki mai yauƙi kamar kuɓewa, ya ce man gaɓa ke nan. Ya ja farar igiyar da ke bayan ƙafa, wadda wuƙa ke sha da ƙyar, ya ce agara. Ya fasa sangali ya nuna ɓargo. Idan ya tsaga gadon baya, sai ya zaro farin abin da ke kwance a cikin ramin ƙashin, ya ce ga laka, dabbar da wannan ya tsinke mata ba ta ƙara tsayuwa.

Jikin ɗan Adam haka yake a tsari. Baligi yana da ƙasusuwa 206, jariri kuwa ya fi haka yawa, domin wasu nasa sai yana girma suke haɗewa. Tsokoki sun haura 600. Hannu ɗaya, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, ƙasusuwa 27 ne, ƙafa ɗaya 26, haƙarƙari 12 a kowane gefe. Mafi tsawo shi ne ƙashin cinya, mafi ƙanƙanta yana cikin kunne. Kusan kowanne muna da sunansa ko sunan wurinsa: ƙoƙon kai, muƙamuƙi, allon kafaɗa, damtse, kwatangwalo, ƙoƙon gwiwa, ƙwauri, sha-raɓa, idon sawu, dunduniya. Yaranmu na yanzu da yawa ba su san rabinsu ba. Yaro zai ce "ƙafata ke ciwo" alhali kwatangwalo yake nufi, ko ya ari kalmar Turanci guda ta ƙugu ya rufe da ita duk abin da ke tsakanin haƙarƙari da cinya. Wannan asara ce, kuma ba a makaranta kaɗai ake jin ta ba, har a ɗakin likita.

Jijiya: suna ɗaya, ma'aikata huɗu

Babu kalmar da ta fi rikita mu kamar jijiya. Da ita muke kiran hanyar jini, wadda ake tsira wa allura idan za a sa ruwa. Da ita muke kiran wayar saƙo, wadda ke tasowa daga ƙwaƙwalwa da laka tana kai umarni ga tsoka, tana dawo da labarin zafi da taɓi. Da ita kuma muke kiran igiyar da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi, irin agara, wadda likita ke ce wa tendon. Sannan ga ta huɗu, igiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa don kada su rabu, ita ce ligament.

Kowace da irin kukanta. Ciwon jijiyar saƙo yakan zo kamar wutar lantarki ko ƙuna, yana bin layi, misali daga ɗuwawu ya gangara bayan cinya har tafin ƙafa, tare da minjirya ko mutuwar fata. Ciwon tendon yana tsayawa wuri guda, yana tashi idan an yi wani motsi na musamman, kamar ɗaga hannu sama ko takun farko da safe. Ligament kuwa yawanci rauni ke taɓa shi: ƙafa ta gurɗe a filin ƙwallo, gwiwa ta kumbura nan take, daga baya mutum ya ji kamar za ta kufce masa. Ita kuma hanyar jini idan ta toshe a sha-raɓa, ƙafa ɗaya ce za ta kumbura ta yi zafi, kuma wannan ba abin murzawa ba ne ko kaɗan, domin gudan jinin na iya ballewa ya tafi huhu.

Ka ga ke nan wanda ya ce wa likita "jijiya ce" bai faɗa masa komai ba tukuna. Tafintan da ke tsakani zai zaɓi ɗaya daga cikin huɗun ya fassara, kuma ba lallai ya dace ba.

Yadda ake kwance doguwar kalmar likita

Kalmomin da ke tsorata mu yawancinsu ba ma Turanci ba ne a asali, daga Girkanci da Latin aka ɗinka su, gunduwa-gunduwa. Wanda ya taɓa zama gaban malami yana koyon sarfu ya san wannan dabara: ka gane tushe, ka gane ƙari, kalma ta buɗe. Zan rubuta su yadda kunne ke jin su. Ostiyo ƙashi ne. Atro gaɓa. Mayo tsoka. Kondro guringuntsi. Niyuro jijiyar saƙo. Sifondilo ƙashin baya. A ƙarshen kalma kuma, aitis na nufin kumburi, aljiya na nufin zafi kawai, osis na nufin wani hali da abu ya shiga, galibi a hankali.

To haɗa su ka gani. Mayaljiya, wadda ake rubuta wa mutane da yawa har su ɗauka wata muguwar cuta ce, ma'anarta ciwon tsoka, irin wanda zazzaɓin cizon sauro ko wunin dako ke bari. Atraljiya ciwon gaɓa ne ba tare da an ce ga sanadi ba. Atraitis kumburin gaɓa. Ostiyomayalaitis ita ce ta cancanci a tashi tsaye, domin ƙwayoyin cuta ne suka shiga ƙashi da ɓargo, kuma mayal ɗin da ke tsakiyarta ɓargo yake nufi, kada a rikita shi da mayo na tsoka. Tsawon kalma ba ya nuna girman cuta. Wata mai gaɓa shida ba ta wuce gajiya ba, wata gajeriya kuma tana iya cin ƙafa.

Buhun da muke kira sanyi

A nan ne zan daɗe, domin nan ne kuɗinmu ke zurarewa. Sanyi a bakinmu yana nufin yanayi, yana nufin mura, yana nufin ciwon gaɓɓai, yana kuma nufin cutar al'aura. Na taɓa ganin dattijuwa ta ce wa ma'aikaciyar jinya tana fama da sanyi, tana nufin gwiwa, yarinyar da ke fassara ta sunkuyar da kai don kunya, ta ɗauka ɗayan ake nufi. Ko mun tsaya kan gaɓɓai kaɗai, cututtuka da dama ne muka zuba a buhu ɗaya, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan.

Mafi yawa ita ce ostiyo-atraitis, zaizayar guringuntsi. Wancan farin santsi da Baba ya nuna min shi ke sirancewa, har ƙashi ya fara gogar ƙashi, gefensa ya yi tsiro. Tana son gwiwa, kwatangwalo, tsatso da yatsu. Shekaru, nauyin jiki, tsohon rauni da aikin ɗaukar kaya su ne manyan masu kawo ta. Ita ce ke sa ka ga sahun kujeru na ƙaruwa a bayan masallaci, dattawa na sallah a zaune domin sujada da zaman tahiya sun gagara, kuma shari'a ta ba su wannan sauƙi. Mutane kan ce "ruwan gwiwa ya ƙare", har a sayar musu da abin da wai zai mayar da shi. Sau da yawa ma ruwan ƙaruwa yake yi, shi ya sa gwiwar ke kumbura. Guringuntsin da ya tafi ba a san wani abin sha da ke dawo da shi ba. Abin da aka tabbatar yana taimakawa shi ne ƙarfafa tsokar cinya, tafiya daidai gwargwado, sanda a hannun da ke ɗaya gefen, da rage ƙiba, domin kowane kilo ɗaya da aka sauke yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu na nauyi a kowane taku. Idan abin ya kai maƙura ana canja gaɓar da ta ƙarfe da roba.

Ta biyu ita ce rumatoyid, kuma halinta daban ne. A nan garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa tantanin da ke lulluɓe gaɓa. Ta fi kama mata, sau da yawa tun suna da ƙuruciya. Tana fara wa ƙananan gaɓɓan yatsu da wuyan hannu, dama da hagu a tare, kuma da safe hannu kan sage fiye da rabin awa, har mace ta kasa murɗa marfin kwalba ko ɗaura zani. Wannan ita ce wadda jinkiri ya fi yi wa illa. Akwai magungunan da ke danne ta idan an fara da wuri, amma yatsun da suka riga suka karkace ba sa miƙewa. Duk shekarar da aka ɓata ana shan jiƙo, gaɓa ce ake bayarwa.

Ta uku gawut. Wani gishiri mai suna yurik asid ne ke taruwa a jini, ya daskare kamar ƙananan allurai a cikin gaɓa. Mutum zai kwanta lafiya, tsakar dare babban yatsan ƙafa ya tashe shi, ja, zafi, ko zanin rufa ba ya so ya taɓa. Maza ta fi kamawa, kuma yawan nama, kayan ciki irin hanta da ƙoda, giya da lemon kwalba mai zaƙi suna tayar da ita. Mu da muke 'ya'yan mahauta da masu tsire, ya kamata mu san sunanta.

Ta huɗu ba ta jira. Gaɓa guda ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, yaro ya ƙi taka ƙafa ko ya ƙi a taɓa shi: ƙwayoyin cuta ne suka shiga, mugunya na taruwa a ciki, kuma cikin kwanaki kaɗan tana iya cinye guringuntsin. Wannan a ranar ake kai shi asibiti, ba a shafa masa man kaɗe a jira gobe.

Shin sanyin gari na kawo ɗaya daga cikinsu? Wanka da ruwan sanyi, kwana a siminti ko shan ruwan firji ba sa zaizaye guringuntsi. Gaskiya ne masu ciwon da yawa sun fi jin sa idan gari ya yi luf, kuma ruwan ɗumi na sassauta musu. Amma akwai cuta guda da sanyi ke tayarwa da gaske, ita ce ta sa kakanninmu ba su yi kuskure gaba ɗaya ba.

Amosanin da ke cikin jini

Tun kafin a san sunan sikila, ƙabilu da dama a Gana suna da sunan wani ciwon ƙashi da ke bin dangi, yana tashi da damina. Farfesa Felix Konotey-Ahulu, wanda ya yi shekaru yana kula da masu cutar a asibitin Korle Bu da ke Accra, ya tattara waɗannan sunaye: 'yan ƙabilar Ga suna cewa chwechweechwe, masu Tuwi suna cewa ahotutuo, mu kuma amosani. Ciwon a ƙashi ake jin sa, amma tushensa jini ne. Jajayen ƙwayoyin jini ke lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyi a cikin ɓargo, ƙashi ya rasa iska, ya yi ta sara. Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓi da gajiya su ke tayar da shi.

Kumasi tana da tarihi a wannan fage. A 1995 aka fara gwajin jarirai tun daga haihuwa a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Kusan jariri 2 cikin 100 da ake haifa a Gana suna zuwa da cutar. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne bayan nau'in jini na S, wanda ke kawo sikila, akwai nau'in C, wanda ya yawaita a arewacin Gana da Burkina Faso, inda asalin da yawa daga cikinmu yake. Gwajin nan mai sauƙi da ake cewa ya fito "babu sikila" S kaɗai yake kamawa. Mai AC, wato wanda ya gaji lafiyayyen nau'in A tare da C, zai wuce shi lafiya, ya auri mai AS, su haifi ɗa mai SC. Don haka kafin a sa rana, gwajin da ke faɗin nau'in jini dalla-dalla ya kamata a nema. Idan iyaye biyu duka suna ɗauke da shi, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki.

Ga inda ya haɗu da zancenmu na ƙashi: saurayi ko budurwa mai sikila da ya fara ɗingishi, yana jin ciwo a matsematsi ko gaban cinya, a duba masa kwatangwalo. Kan ƙashin cinya na iya mutuwa saboda rashin jini, kuma idan an gano da wuri akwai abin yi kafin ya rufta.

Haruffa da lambobin da ke kan hoton baya

Ƙashin baya jerin ƙasusuwa 33 ne: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a tsatso, 5 da suka manne suka zama ɗaya a bayan ƙugu, sai ƙananan ƙarshe. Likita yana lakaba musu harafi da lamba. C na wuya, T na ƙirji, L na tsatso, S na ƙasa. Idan ka ga L4/L5 ko L5/S1, adireshi ne kawai, ana nuna maka wurin. Tsakanin yawancin ƙasusuwan nan akwai matashi mai tauri a waje, laushi a ciki, shi ne disk. Idan an ce ya zame, ba fita ya yi daga mazauninsa ba, gefensa ne ya bullo ko ya tsage, wani lokaci ya danne jijiyar saƙo, ciwo ya gangara ƙafa, abin da ake kira sayatika. Shi ya sa babu mai iya danna shi ya koma da hannu ko da taka baya.

Mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai, in aka ɗauki hotonsu za a ga irin wannan bullowa. Yawancin ciwon baya kuma yana lafawa cikin mako shida, kuma mai motsawa a hankali ya fi mai kwanciya saurin warkewa. Amma idan ƙafafu suka fara rauni, ko fitsari ya riƙe ko ya kufce, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, wannan na gaggawa ne. Haka nan ciwon baya mai tafe da rama, zufan dare da ƙusumbi da ke tasowa, domin tarin fuka na kama ƙashin baya, kuma yana da magani. Ina tuna 'yan matan da ke dako a kasuwannin Kejetia da Race Course duk lokacin da na rubuta wannan, da buhun da ke kansu da shekarunsu. Wuyansu da tsatsonsu na tsufa kafin su.

Targaɗe, gocewa, karaya, da gardamar ɗori

Targaɗe shi ne ligament ya miƙe fiye da kima ko ya yage, ƙashi na nan lafiya. Gocewa ita ce kan ƙashi ya fita daga gurbinsa a gaɓa, kamar kafaɗa. Karaya kuwa, a wurin likita, ta haɗa da tsagewa. Mu muna rarrabewa, mu ce "ai tsagewa ce kawai, bai karye ba", shi kuwa kalma ɗaya yake amfani da ita, sai dai ya ƙara bayani: rufaffiya ce ko buɗaɗɗiya, ƙasusuwan sun kauce wa juna ko suna saiti, ta shiga gaɓa ko ba ta shiga ba. Ido da hannu ba sa iya raba waɗannan da tabbaci, kuma iya taka ƙafa ba shaida ba ce cewa ba ta karye ba. Tun 1895 da aka gano hoton ƙashi, wannan tambaya ta samu mai amsa ta.

Masu zuwa wurin mai ɗori suna da hujjojinsu, kuma ba na raina su. Yana kusa, yana jin yarenka, ana biyansa a hankali, wani ma sadaka kawai yake karɓa, yana haɗawa da addu'a, kuma kowa ya san wani da ya warke a hannunsa. Dalilin warkewar a fili yake: ƙashi abu ne mai rai, in an daidaita shi aka hana shi motsi, da kansa yake haɗewa, na yaro cikin makonni kaɗan, na babba wata biyu zuwa uku ko fiye. Dokar ƙasa ma ta san da masu maganin gargajiya, tun dokar 2000 da ta kafa majalisar da ke yi musu rajista.

Asibiti kuma ana tsoronsa saboda kuɗi, layi, da maganar da ta zauna a zukata cewa can yanke ƙafa ake yi. Wannan magana ta ƙarshe ita ce nake so a duba da kyau. Gaɓar da ta karye kumbura take yi a kwanakin farko. Idan an ɗaure ta tamau da kara da tsumma, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jini, tsoka ta fara mutuwa cikin awoyi. Alamunsa ciwo mai tsanani da ke ƙaruwa, musamman in an miƙar da yatsu, sai yatsun su yi sanyi, su sage, su canja launi. A kan ce wa yaro ya daure, ɗori ne ke kamawa. Bayan kwana biyar, hannu ya yi baƙi yana wari, sai a nufi asibiti, likita ya yanke don ceton rai, labari ya dawo unguwa cewa asibiti sun yanke. Filastar asibiti ma tana iya yin wannan matsi, shi ya sa ake cewa a dawo nan take in an ga alamun.

Ra'ayina, kuma na faɗa wa masu ɗorin da nake girmamawa, shi ne akwai karayar da bai kamata ta kwana a gidansu ba: wadda ƙashi ya huda fata ko akwai rauni a kanta, ta gwiwar hannun yaro, wadda ta shiga gaɓa, ta cinya, ta ƙashin baya, da ta kwatangwalon tsoho. Wannan ta ƙarshe tana yawan zuwa ne daga ostiyoforosis, wato ƙashi ya zama holoƙo kamar soso, abin da ke samun mata bayan ɗaukewar al'ada. Tsohuwa ta zame a banɗaki ta kasa tashi, ƙafar ta gajarce ta juya waje, kada a ce targaɗe ne. Na san masu ɗorin da yanzu ba sa taɓa mutum sai ya kawo hoto, kuma suna tura abin da ya fi ƙarfinsu. Waɗannan su ya kamata sarakunan Zango da limamai su ɗaga.

Abin da rikicin suna ke ci a aljihu da jiki

Ciwon da ba a san sunansa ba, komai aka kawo sai a saya. Daga nan ake faɗawa hannun ƙwaya. Diklofenak da 'yan uwansa suna rage zafi, amma shan su kullum na ƙwaƙule ciki, yana taɓa ƙoda, yana ta da hawan jini. Tramadol mun ga abin da ya yi wa samarinmu, da yawansu kuwa da ciwon jikin aiki suka fara. Mafi ɓoyuwa shi ne sitiroyid irin deksametason, wanda marasa tsoron Allah ke zubawa a wasu haɗe-haɗen da ba su da rajista. Ciwo zai ɗauke kamar an cire ƙaya, fuska ta cika, a ce magani ya karɓe shi, alhali a ciki sukari na hawa, ƙashi na zama holoƙo. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke farat ɗaya, ya je a rage masa a hankali.

Inshorar lafiya ta ƙasa, da aka kafa a 2003, tana ɗaukar ganin likita da abubuwa da dama, amma gaɓoɓin roba da kayan tallafin ƙashi suna cikin abin da ba ta ɗauka, don haka a tambayi kuɗi tun farko, a sanar da dangi. Wuraren da suka shahara da aikin ƙashi ba Gee da Korle Bu kaɗai ba ne. Akwai St. John of God a Duayaw Nkwanta, St. Joseph a Koforidua, cibiyar da ke ƙera ƙafar roba da takalman gyara a Nsawam, da asibitin FOCOS a Pantang wanda Farfesa Oheneba Boachie-Adjei, haifaffen Kumasi, ya kafa don aikin ƙashin baya da gaɓɓai. Gashin ƙashi ma, wato fisiyo, ba tausa ba ce kawai, motsa jiki ne da aka tsara wa kowane ciwo, kuma shi aka rubuta wa Gwaggo a layi na biyu na takardar nan, wanda babu wanda ya karanta saboda tsoron layin farko.

Da za mu koma ganin likita, na ce mata, "Gwaggo, yau kada ki ce sanyi. Ki ɗora yatsa a wurin, ki faɗi tun yaushe, da irin ciwon, da abin da ke tayar da shi." Muka shiga, ta aza hannu a tsatso, ta ce wata takwas ke nan, yana tashi in ta daɗe tsaye gaban tukunyar waake, yana lafawa in ta zauna, ba ya sauka ƙafa, fitsari lafiya lau. Na fassara kalma da kalma. Likitan ya ajiye biro, ya juyo da kujerarsa ya fuskance ta, ya ce ta tashi ta taka zuwa ƙofa ta dawo yana kallo. Sannan ya ɗaga hoton a jikin taga, ya nuna mata ƙasusuwan tsatso biyar ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana ƙirgawa da Hausa.